Yadda Ake Tsara Tambari, Buhu da Allon Shago Don Mai Saye Ya Shaida Kayanka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan shinkafa a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko a kasuwar Jega ranar da take ci, ya san cewa buhunan da aka jera sun kusa zama abu guda a ido. Kusan kowanne yana ɗauke da kore da ja da ruwan ɗorawa, da hoton zangarniyar shinkafa, da lambobin waya uku ko huɗu, da kalmomin yabo waɗanda suka cike duk wani gurbi da ya rage. Mai saye kuwa ba ya tsayawa karatu, kallo ɗaya yake yi ya wuce, kuma idan a wannan kallon bai shaida kayan da ya saya jiya ya ji daɗinsu ba, to wahalar da aka sha wajen casa da tsince tsakuwa ta tafi ga maƙwabci. Wannan bayani an yi shi ne domin mai ƙaramar masana'antar casar shinkafa a Argungu, da mai man gyaɗa da ƙuliƙuli a Gusau, da tela, da mai makarantar kuɗi, da kuma matashin da ya koyi manhajojin zane irin su CorelDraw ko Canva yake yi wa irin waɗannan mutane aikin zayyana.

Aikin farko ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Mai sana'a ya zauna da takarda ya amsa tambayoyi uku: wane ne zai ga wannan abu, daga wane nisa zai gan shi, kuma me ake so ya yi bayan ya gani. Allon da aka kafa a bakin titin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Jega direba ne zai gan shi yana gudu, don haka suna da kalma biyu ko uku kawai zai iya ɗauka. Sitikar da ke jikin robar man gyaɗa uwargida ce za ta riƙe ta a hannu ta juya ta, saboda haka tana iya ɗaukar bayani mai yawa. Hoton da aka ɗora a WhatsApp kuma a kan ƙaramin gilashin waya za a gan shi, watakila cikin tsakar rana, a tsakanin saƙonni da yawa da ke jiran a buɗe su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi zane guda a ce a buga shi a duk wuraren nan uku ba tare da an sake masa tsari ba.

Daga nan sai a jera bayanan da ake son sakawa bisa muhimmancinsu, a rubuta su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma a yarda cewa abu ɗaya ne kaɗai zai zama na ɗaya. A buhun shinkafa, sunan kaya ne ya kamata ido ya fara faɗawa a kansa, sai nauyi, wato kilo 50 ko 25 ko 10, sai irin shinkafar, sannan adireshi da lambar waya. Girman rubutu da kaurinsa da inda aka ajiye shi su ne ke gaya wa ido inda zai fara da inda zai bi. Idan aka mai da komai babba, aka yi wa komai kauri, an koma gidan jiya, domin taura biyu ba ta taunuwa, balle guda shida. Akwai gwaji mai sauƙi da masu zayyana ke yi: a ja baya daga zanen, a runtse ido har rubutun ya dushe, a duba abin da ya rage ana gani. Idan abin da ya rage shi ne hoton kwano ko adon gefe, sunan kuma ya ɓace, to sai an sake lale.

Tambari

Tambari shi ne ɗan zanen nan ko salon rubuta suna da ke wakiltar sana'a a ko'ina, kuma mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin aikin da yake yi. Tun kafin a san takardar shaida, da tsagar fuska ake gane Bakabe da Bazamfare da Bagobiri, kuma har yau mai ido yana bambanta aska biyu da aska takwas a jikin babbar riga tun daga nesa, ko ya ga dagi a bangon gida ko a jakar fata ya san daga inda ta fito. Abin da ya haɗa waɗannan alamomi shi ne ƙarancin layukansu, da kuma cewa ba a sauya su duk shekara.

Tutar Najeriya misali ce mai kyau ta amfanin ragewa. Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959 lokacin yana ɗalibi a Ingila, kuma a zanen da ya aika akwai jar rana a tsakiyar farin, amma masu tantancewa suka cire ta, aka bar kore da fari da kore, abin da ɗan firamare zai iya zanawa ba tare da ya duba littafi ba. Alamar kamfanin Nike ma layi ɗaya ce mai lanƙwasa, wadda wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana a 1971 a kan dala 35. Mai casar shinkafa da ke son a saka masa zangarniya da kogi da fitowar rana da taswirar jiha da injin casa duk a cikin da'ira guda ya tuna cewa wannan tambarin za a sassaƙa shi a hatimin roba wanda bai wuce faɗin murfin kwalba ba, kuma a wannan girman duk tarkacen nan tabo ɗaya za su zama.

Saboda haka a fara zana tambari da baƙi a kan fari, ba tare da launi ko inuwa ko ƙyalli ba, sai ya tsaya da ƙafarsa a haka sannan a sa masa launi. A rage shi zuwa faɗin santimita 2 a buga a takarda a gani ko ana gane shi. A saka shi cikin da'irar hoton WhatsApp a duba ko gefensa ya yanke. A nuna wa wani na ɗan lokaci, a ɗauke, a ce ya zana abin da ya gani. Idan ya kamo siffar, ko da a karkace, tambarin ya yi.

Wurin samo siffa kuwa yana nan kusa. Gora da homar masuntan Argungu, waɗanda duniya ta sani ta hanyar bikin kamun kifin da aka fara a 1934, kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado a 2016, siffofi ne masu sauƙin zanawa. Haka nan albasar Aliero, da kwalekwalen Yauri, da zanen da ake ƙonawa a bayan ƙwarya. A ganina ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan a sauƙaƙa shi ya fi ɗauko hoton duniya ko kambun sarautar Turawa daga intanet, wanda shaguna ɗari suka riga suka ɗauka. Sai dai a yi hattara da abubuwa uku: tambarin gwamnati ko na masarauta, waɗanda ba mallakar ɗan kasuwa ba ne; alamun jam'iyyun siyasa irin su tsintsiya da lema, domin suna iya korar rabin masu saye ba tare da mai kaya ya san dalili ba; da kuma kwaikwayon tambarin wani kamfani da ya yi suna, wanda ke sa a ɗauki kayan a matsayin jabu ko da sun fi na asalin kyau.

Launi

Launi ne abin da ido ke fara kamawa kafin ya karanta harafi ko ɗaya. Ko wanda bai yi boko ba ya san rumfar ruwan ɗorawa ta MTN ce, kore ta Glo, ja ta Airtel, kuma sun samu wannan ne saboda sun riƙe launi guda shekara da shekaru ba su sake shi ba. Ƙaramar sana'a ta zaɓi babban launi ɗaya, ta ƙara ɗaya da zai taimaka masa, sannan baƙi da fari domin rubutu. Kafin a zaɓa, yana da kyau a zaga kasuwa a ga abin da abokan gasa ke amfani da shi, domin idan buhu tara cikin layi kore ne, na goma mai launin shuni ko ruwan ƙasa shi ne zai fita daban.

Abin da ke sa rubutu ya karantu shi ne bambancin haske tsakaninsa da abin da ke bayansa, wato ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi haske. Ja a kan kore, ko ruwan ɗorawa a kan fari, ko shuɗi a kan baƙi, duk suna wahalar da ido. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi a duniya ta ce bambancin ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan rubutu, 3 bisa 1 ga manya, kuma akwai shafuka na kyauta da ke auna wannan idan aka ba su launukan biyu. Wanda ba shi da hanyar aunawa ya ɗauki hoton zanen da waya ya mai da shi baƙi da fari. Idan rubutun ya narke cikin bayansa, launukan ba su dace ba. Akwai kuma mutane, galibinsu maza, waɗanda idonsu ba ya bambanta ja da kore sosai, don haka kada a dogara da waɗannan launuka biyu kaɗai wajen raba, misali, yaji mai zafi da marar zafi. A rubuta shi da kalma.

Wani abin da ke jawo rigima tsakanin mai aiki da mai maɗaba'a shi ne launin da aka gani a waya ya fito daban a takarda. Dalilinsa shi ne gilashin waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, alhali injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, tsarin da ake kira CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli, musamman kore da shuɗi masu haske, da tawada ba ta iya kai wa gare su. Duk aikin da za a buga a tsara shi a CMYK tun daga farko, a kuma rubuta lambobin kowane launi a ajiye, saboda cewa mai bugu ya sa kore ba bayani ba ne, kore iri-iri ne. Sai kuma a yi la'akari da ranar watan Maris da Afrilu a wannan yanki da ƙurar hunturu. Ja yana cikin launukan da rana ke saurin kashewa a jikin fleks, wato ledar da ake buga allon talla a kanta, farin allo kuma yana komawa ruwan ƙasa kafin damina ta wanke shi, don haka allon da zai zauna a waje ya fi samun tsawon rai idan aka yi farin rubutu mai kauri a kan launi mai duhu.

Haruffa

Salon rubutu biyu sun isa: ɗaya mai kauri domin suna da kanun bayani, ɗaya mai sauƙi domin sauran. Rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake so a katin biki ba ya karantuwa daga nesa, kuma idan aka rubuta shi duka da manyan baƙaƙe ko a kusa sai an yi ta hasashe. Masu yin alluna suna da ma'aunin da suke bi, cewa kowane santimita 2 da rabi na tsayin harafi yana karantuwa da kyau daga nisan mita 3, saboda haka allon da ake so a karanta daga tsallaken titi, mita 20 ko 30, yana buƙatar haruffa masu tsayin kusan taki guda ko fiye.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wata matsala da littattafan koyon zayyana na waje ba sa ambata, wato haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa daga cikin salon rubutun da ke cikin kwamfuta ba su da su, kuma idan aka buga su sai injin ya aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko ya bar ɗan akwati babu komai a ciki. Ganin haka sai mai aiki ya cire ƙugiyar ya huta, alhali ƙugiyar nan ita ce ta raba kaya da ƙaya, ta raba baki da baƙi, ta raba fada da faɗa. Shagon da ke kusa da fadar sarki ba zai so allonsa ya rikita waɗannan biyun na ƙarshe ba. Maganin abin shi ne a gwada salon rubutu kafin a zaɓe shi, a rubuta kalmomi irin su ƙuliƙuli da gyaɗa da ɓawo, da ƙananan baƙaƙe da manya, a duba ko duk haruffan sun fito da kauri ɗaya. Salon rubutu irin su Noto Sans na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna, duk suna ɗauke da waɗannan haruffa kuma kyauta ake sauke su. Wanda kayansa ke tsallaka iyaka ta Kamba zuwa Gaya da Dosso ya sani cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, kuma farashi da nauyi da lambobi su ne abin da kowa zai gane ko da harshe ya bambanta.

Ajami ma bai kamata a manta da shi ba, domin a ƙauyukan Kebbi da Zamfara akwai dattawa da mata da yawa da suka fi sakewa da shi a kan boko, kuma sunan kaya da aka rubuta da ajami a ƙarƙashin na boko yana isa gare su kai tsaye. Akwai salon rubutu mai suna Alkalami da SIL ta yi bisa irin hannun da ake rubutu da shi a makarantun allo na ƙasar Hausa, wanda ya fi kama da abin da mutane suka saba gani a kan salon Larabcin gabas. Sai dai dole a ba malamin da ya iya ya duba kafin a buga, saboda wasu manhajojin zane suna juya rubutun ya koma daga hagu zuwa dama, ko su raba haruffan da ya kamata su haɗe, kuma mai zanen da bai iya karantawa ba ba zai lura ba.

Sarari da jeri

Mai biyan kuɗin bugu yakan ji cewa duk inda aka bari babu rubutu asara ce. Amma sararin da ke kewaye da suna shi ne ke sa a gan shi, kamar yadda tabarmar mai tumatir ke jan ido idan ya kasa su kashi-kashi ya bar tazara a tsakani, maimakon ya zube su tuli guda. Masana halayyar ɗan Adam a Jamus, irin su Max Wertheimer, sun bayyana tun shekarun 1920 cewa ido yana ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin 'yan gida ɗaya. Don haka lambar waya da adireshi su zauna wuri guda, ranar yi da ranar lalacewa su zauna wuri guda, a bar fili tsakanin rukunin nan da wancan. A kuma zaɓi layi ɗaya da rubutu zai jeru a kansa, ko duka daga hagu ko duka a tsakiya, kada wani ya fara nan wani ya fara can. Lambar waya ɗaya wadda ake ɗauka ta fi huɗu waɗanda biyu a kashe suke.

Batun hoto gajere ne. Hoton ainihin kayan, wanda aka ɗauka da safe a inuwa a kan farin ƙyalle, ya fi hoton shinkafar wata ƙasa da aka sauke daga intanet, wanda ƙari a kan rashin gaskiyarsa yana da mai shi. Kada a ja hoto ta gefe ɗaya har fuska ko kwalba ta baje, kada a sa hoton mutum sai da izininsa, kuma hoton da za a buga a takarda ya kai ɗigo 300 a kowane inci, abin da hoton da ya bi ta WhatsApp ba ya kaiwa saboda manhajar tana matse shi, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil.

Idan kayan ci ne ko na sha da aka ƙulle a leda ko roba, akwai bayanan da hukumar NAFDAC ke buƙata a jikinsu, kamar sunan kaya, da abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da sunan mai yi da adireshinsa, da lambar rukunin da aka yi, da ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajista. A ware musu wuri tun farkon tsari, kada a zo ƙarshe ana cusa su a lungu. Haka kuma leda da buhu da takardar talla a ƙarshe ƙasa suke faɗawa, a taka su ko su shiga kwata, saboda haka bai dace a buga aya ko sunan Allah a jikinsu ba, duk kyawun niyyar mai yi.

Riƙe abu guda

Bayan an gama duk wannan, sai a rubuta shi a shafi ɗaya: ga tambarin, ga lambobin launukan, ga sunayen salon rubutun biyu, ga yadda ake rubuta sunan sana'ar harafi bayan harafi. Wannan shafi shi za a miƙa wa duk wanda zai yi aiki nan gaba, mai fentin ƙofar shago ne, ko mai buga rasit, ko mai ɗinka wa yaran shago riguna. Mai sana'a zai gaji da ganin tambarinsa tun kafin masu saye su gama saninsa, kuma a daidai lokacin da ya fara jin sha'awar sauyawa, a lokacin ne abin ya fara kama idon jama'a.

Mai sana'a ya karɓi ainihin fayil ɗin aikin daga hannun wanda ya zana, wato irin su CDR ko AI ko SVG ko PDF, waɗanda ake ƙara musu girma daga hatimi zuwa allon titi ba tare da sun dushe ba, ya kuma ajiye su a wuri fiye da ɗaya. A yi wannan magana tun wajen ciniki, a biya mai zane haƙƙinsa yadda ya kamata, domin araha ba ta ado. Yana da kyau kuma a san cewa rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC daban take da rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14.

Ranar bugu kada a tura aiki ta waya a koma gida a jira. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka, a mai da rubutun ya zama zane yadda haruffa masu ƙugiya ba za su sauya a kwamfutar maɗaba'a ba, a nemi a buga kwafi ɗaya tak a kan ainihin abin da za a yi amfani da shi. Wannan ya fi muhimmanci ga buhu, domin saƙar buhun roba tana cinye siraran layuka da ƙananan haruffa, kuma sau da yawa kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. A fito da kwafin waje a duba shi a hasken rana, a ajiye shi a nisan da mai saye zai tsaya, a ba mutum biyu da ba su taɓa ganin aikin ba su karanta shi da ƙarfi, ɗaya daga cikinsu ya kira lambar wayar da ke jiki a ji ko ta shiga, sannan a sa hannu a ce a buga sauran.